Awon Sukari Da Sitaci: Yadda Ake Gano Abin Da Ke Cikin Rake, Hatsi, Nama Da Jini

Duk wanda ya san ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da Ikara ya san arzikinsu a gona yake. Rake ne ya fito da sunan Makarfi, shi da mazarƙwailar da ake dafawa daga ruwansa. Fadamun Kudan da kewayen Hunkuyi na ba da rake da tumatir, Ikara kuwa ta daɗe da shahara a noman tumatir, har aka kafa mata kamfanin sarrafa shi tun farkon shekarun 1980. Ga kuma masara da dawa da ke cika rumbuna da kaka. Babban abin da mai saye ke biyan kuɗi dominsa a yawancin waɗannan kayan, a wurin masana, dangi guda ne: sukari da sitaci, waɗanda suke haɗawa a ƙarƙashin sunan kabohaidiret.

Duk da haka, maganganun da ke yawo a kan wannan dangi sun fi ilimin da ake da shi a kansa yawa. Wani ya ce mazarƙwaila ba ta da sukari tunda ba fara ba ce. Wani ya ce mai ciwon suga ya sha zuma iya son ransa. Wani ya rantse alkama da acca ba su da sitaci. A asibiti a rubuta wa wannan 7, a rubuta wa wancan 126, na biyun ya tashi hankalinsa, na farkon ya koma gida da murna, alhali sakamakonsu ɗaya ne. Tushen ruɗanin shi ne zaton da ake yi cewa akwai wata na'ura guda da ke auna komai dungurungum. Babu ita. Hanyoyin awon suna da yawa, kowace da tambayar da take amsawa, kuma lambar da ta fito ba ta da ma'ana sai an san hanyar da aka bi aka same ta.

Mene ne kabohaidiret?

Kabohaidiret sinadarai ne da tsiro ke ƙerawa a ganyensa daga iska da ruwa da hasken rana, ya adana su a kara ko saiwa ko ƙwaya. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar su ita ce a ɗauke su kamar duwatsun carbi. Akwai dutse guda da ke zaman kansa, kamar gulukos, wanda shi ne sukarin da ke yawo a jini, da furuktos, wanda ya fi yawa a zuma da 'ya'yan itatuwa. Akwai duwatsu biyu a haɗe: sukuros, wato sukarin rake da na shayi, gulukos ne da furuktos manne da juna, laktos kuma shi ne sukarin madara. Sai doguwar igiya mai ɗaruruwa ko dubban duwatsu: sitaci na hatsi da rogo da dankali, da gilaikojin da dabba ke ajiyewa a hanta da tsoka, da selulos da ke ƙarfafa kara da ganye. Duk ukun gulukos ne aka jera, salon ƙullin ne ya bambanta. Hanjin mutum na iya kwance ƙullin sitaci, amma ba ya iya kwance na selulos. Shi ya sa ake lissafa selulos cikin faiba, wato zare da ɓawon tsiro da ke wucewa ta hanji ba tare da ya narke ba.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa harshe bai isa ma'auni ba. Furuktos ya fi sukuros zaƙi, gulukos bai kai shi ba, laktos ko rabinsa bai kai ba, sitaci kuma ba shi da zaƙi ko kaɗan. Malmalar tuwon da ba ta da ɗanɗanon zaƙi a baki, da ta isa hanji gulukos take komawa.

Kafin a taɓa na'ura: ɗaukar samfur

Kura-kurai da yawa tun a gona suke faruwa, kafin kaya su isa ɗakin gwaje-gwaje. Sandar rake ɗaya ba zaƙinta ɗaya ba daga gindi zuwa kai. Gaɓoɓin ƙasa ne ke fara tara sukari. Gefen fadama mai yashi ba ya ba da abin da tsakiyarta mai laka ke bayarwa. Saboda haka mai awo na ɗibar sanduna daga wurare daban-daban, ya haɗa ruwansu, ya maimaita gwajin aƙalla sau biyu ko uku.

Abu na biyu shi ne lokaci. Naman tsiro da na dabba ba sa daina aiki da zarar an yanke su. A cikinsu akwai inzayim, wato sinadaran da jiki ke ƙerawa don saurin haɗa abubuwa ko wargaza su. Raken da aka sare aka bari a rana, wani inzayim nasa zai ci gaba da raba sukuros gida biyu, ƙwayoyin cuta kuma su shiga ta wurin sara su ci rabonsu. Don haka ake sanyaya samfur, ko a busar da shi da gaggawa, ko a jefa shi cikin tafasasshen itanol, wato sinadarin sifirit, mai ƙarfin kashi 80 cikin 100. Wannan ruwan na tsayar da aikin inzayim, ya jawo sukari ya narke a cikinsa, ya bar sitaci da faiba a ƙasa. Da wannan mataki guda an raba samfur gida biyu, kowane a auna shi da hanyarsa.

Awon bakin gona: ma'aunin Brix

Na'urar da ta fi kusa da manomi ita ce rifaraktomita, ma'aunin karkacewar haske. Girmanta bai wuce na ƙaramar tocila ba, kuma ta hannu ba ta bukatar batir. Mai awo ya ɗaga murfinta, ya ɗiga ɗigo biyu na ruwan rake a kan gilashin, ya rufe yadda ruwan zai baje ba kumfa, ya fuskanci haske ya leƙa. Zai ga fili ya rabu biyu, sama shuɗi, ƙasa fari, layin da ya raba su ya sauka a kan wata lamba. Wannan lambar ita ce Brix, sunan wani masani Bajamushe, Adolf Brix, da ya rayu a ƙarni na 19. Digiri 1 na nufin giram 1 na sukuros a cikin giram 100 na ruwan sukari zalla. Ruwan raken da ya nuna yakan ba da tsakanin 18 zuwa 22. Ɗanyen tumatir yakan tsaya a 4 zuwa 6, shi kuwa kakkauran tumatirin gwangwani ana dafa shi har ya kai 28 zuwa 30.

Amfanin wannan awo ga mai rake a bayyane yake. Idan ya auna gaɓar ƙasa da ta sama ya ga tazara mai yawa, raken bai gama nuna ba. Idan lambobin biyu sun kusanci juna, lokacin sara ya yi. Ga kamfanin tumatir kuwa lissafin kuɗi ne kai tsaye: tumatir mai digiri 5 na bukatar ƙarancin kwanduna da ƙarancin makamashi kafin a sami gwangwani guda, idan aka kwatanta da mai digiri 4.

Amma a nan ne ruɗani na farko ke shigowa. Na'urar ba ta san sukari ba. Duk abin da ya narke a ruwa, gishiri ne ko asid ko wani abu daban, yana karkatar da haske, ita kuma ta lissafa shi. A ruwan rake kuskuren ba shi da yawa domin sukari ne ya rinjaya. A tumatir kuwa wani kaso mai kauri na lambar ba sukari ba ne. Sannan an tsara ma'aunin a kan zafi digiri 20, saboda haka awon sanyin safiyar hunturu da na tsakar ranar bazara na iya saɓawa in na'urar ba mai gyara kanta ba ce. Wajibi ne kuma a fara ɗiga tataccen ruwa a tabbatar ta nuna sifili.

Folarimita da tsarkin ruwan rake

Masana'antar sukari ba ta tsayawa a kan Brix, domin sukuros kaɗai ne ke daskarewa ya zama ƙwayar sukari. Tana amfani da folarimita, na'urar da aka gina a kan abin da Bafaranshe Jean-Baptiste Biot ya gano a farkon ƙarni na 19: idan aka tace haske ya bi fuska guda, aka ratsa da shi ta cikin ruwan sukari, yakan juya. Sukuros na juya shi dama da digiri 66.5 bisa ma'aunin da aka amince da shi, gulukos dama da kusan 53, furuktos kuwa hagu da kusan 92. Sakamakon wannan awo shi ake kira Pol.

Idan aka raba Pol da Brix aka ninka da 100, sai a sami tsarkin ruwan. A misali, ruwa mai Brix 20 da Pol 17 tsarkinsa 85 ne. Raken da ya kwana uku a bakin titi yana jiran mota, Brix ɗinsa na iya ƙaruwa ma saboda ya yi asarar ruwa, amma tsarkinsa ya faɗi, tunda sukuros ya fara rabewa. Wannan shi ne bayanin abin da masu dafa mazarƙwaila suka sani da idonsu: ruwan tsohon rake ba ya kamewa da kyau, yakan fito da danƙo. Folarimita ma tana da inda ake ruɗa ta. Ƙwayoyin cutar da ke shiga sararren rake na ƙera wani abu mai yauƙi da ake kira dekstiran, wanda shi ma ke juya haske dama da ƙarfi, sai lalataccen rake ya nuna kamar mai kyau.

Hanyoyin da ke dogara da canjin launi

Waɗannan su ne ɗaliban kimiyyar sinadaran jiki da na aikin gona suka fi sani. Ta farko ita ce ta Hermann von Fehling, ta shekarar 1849. Ruwa ne shuɗi mai ɗauke da sinadarin tagulla. Idan aka tafasa shi da gulukos ko furuktos, shuɗin ya ɓace, wani gari ja mai launin bulo ya kwanta a gindin kwalba. A 1923 Lane da Eynon suka mayar da gwajin ma'auni: a ɗora ruwan Fehling a wuta, a riƙa ɗiga ruwan samfur daga dogon bututu mai lambobi, ɗigo bayan ɗigo, har shuɗin ƙarshe ya gushe, yawan abin da aka ɗiga shi ke nuna ƙarfin sukarin. Hanyar Somogyi da Nelson ta shekarun 1940 da hanyar DNS da Miller ya inganta a 1959 duk a kan wannan tushe suke.

Abin lura shi ne sukuros ba ya amsa wannan gwaji. Wanda ya gwada farin sukari da ruwan Fehling zai ga shuɗi na nan daram, in bai sani ba ya ce babu sukari. Sai an fara tafasa shi da asid ya rabe biyu. Saboda haka ake yin awo sau biyu, kafin rabewa da bayanta, bambancin ya nuna yawan sukuros.

Rukuni na biyu shi ne na asid mai ƙarfi. A hanyar antiron ta 1946, da hanyar fenol da asid ɗin salfurik da DuBois da abokan aikinsa suka wallafa a 1956 daga Jami'ar Minnesota ta Amurka, asid na tsinka duk wata igiya, ya ƙona sukarin zuwa wani sinadari mai ba da launi: kore mai shuɗi-shuɗi a ta farko, ruwan lemo a ta biyu. Sai a sa kwalbar a na'urar auna kaurin launi, a kwatanta da jerin kwalaben gulukos da aka san ƙarfinsu. Hanyoyin na da arha, suna gano abu ko da ɗan mitsitsi ne. Rauninsu shi ne ba sa bambance wannan sukari da wancan, kuma ɗan zaren auduga ko ƙurar takarda da ya faɗa kwalba zai shiga lissafi, domin shi ma selulos ne.

Inzayim da na'urar HPLC

Don kauce wa wannan rauni aka koma ga inzayim, domin kowane inzayim abu guda yake kamawa. Wanda ake kira gulukos oksides ba ya taɓa furuktos ko laktos. Hanyar da Trinder ya bayyana a 1969, wadda ta haɗa wannan inzayim da wani mai fitar da launi, har yau ana aiki da ita a ɗakunan gwajin asibitoci. Ƙaramar na'urar da masu ciwon suga ke ɗiga wa jinin yatsa ita ma inzayim ne a kan tsinkenta, kuma asalinta na komawa ga aikin Clark da Lyons na 1962.

Idan kuwa ana son sanin kowane sukari da adadinsa a samfur guda, sai a nufi na'urar HPLC. Famfo ne ke tura ruwan samfur da ƙarfi ta cikin siririn bututu da aka cika da wani gari na musamman. Kowane sukari da saurin tafiyarsa, don haka su fito ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta ta zana tudu ga kowanne. Ita ce ta fi ba da cikakken bayani, ita ce kuma ta fi tsada, ga bukatar tsayayyar wutar lantarki da tsarkakan sinadarai da ƙwararren ma'aikaci.

Sitaci, da lissafin abin da ya rage

Gwajin sitaci mafi sauƙi shi ne na aidin: ɗigo guda a kan ƙullu ko yankan rogo, wurin ya koma shuɗi mai duhu. An san wannan tun 1814. Yana cewa akwai ko babu, amma bai cika faɗin nawa ba. Don sanin adadi, sai a dafa garin, a zuba inzayim masu narkar da sitaci su mayar da shi gulukos, a auna gulukos ɗin, a ninka da 0.9.

Sai dai mafi yawan lambobin da ake gani a jikin ledar abinci da cikin kundayen ɗalibai ba ta nan suka fito ba. Sun fito ne daga tsarin da Henneberg da Stohmann suka kafa a tashar bincike ta Weende a Jamus wajen shekarun 1860. A auna danshi, da toka, da maiƙo, da furotin, a haɗa su, a cire daga 100, abin da ya rage a kira shi kabohaidiret. A misali, masara mai danshi 12, furotin 9, maiƙo 4, toka 1, ragowarta 74. Ba a auna wannan 74 ɗin ba. Lissafa shi aka yi. Duk kuskuren da aka tafka a sauran awon huɗu a kansa yake sauka, kuma in ba a cire faiba daban ba, ita ma tana ciki.

Akwai kuma batun ɗanye da busasshe. Ɗanyen rogo na da kabohaidiret kusan kashi 38 cikin 100, domin kusan kashi 60 nasa ruwa ne. Wanda ya ajiye 38 kusa da 74 na masara zai ce rogo ya fi sauƙi. Amma in aka cire ruwan duka biyun, masara ta tashi kusan 84, rogo ya haura 90. Ta wannan ma'auni, alkama da acca da gero da dawa da shinkafa duk sitaci ne ya fi yawa a cikinsu. Bambancinsu yana wajen yawan faiba, da yadda aka surfa aka niƙa, da saurin narkewa a hanji.

A jikin dabba: hanta, tsoka, madara da jini

Dabba ba ta ajiye kabohaidiret da yawa. Ajiyarta ita ce gilaikojin, wanda Claude Bernard ya ware daga hanta a 1857. Babban mutum na da kusan giram 100 a hanta da kusan 400 a tsoka. Awonsa na bukatar sauri fiye da na tsiro, domin yana fara narkewa daga lokacin yanka. Akan daskarar da yankan naman nan take, ko a dafa shi cikin ruwan fotash mai kaifi har ya narke, a zuba itanol gilaikojin ya kwanta, sannan a auna shi da antiron ko inzayim.

Wannan ya shafi mahauta kai tsaye. Bayan yanka, gilaikojin ɗin tsoka na komawa asid, ma'aunin tsami na nama ya sauka daga wajen 7 zuwa wajen 5.5, abin da ke ba shi launi mai kyau da juriyar ajiya. San da ya sha doguwar tafiya a tirela da yunwa da duka yakan ƙone ajiyarsa kafin wuƙa ta hau. Namansa sai ya fito da duhu da tauri, ya kuma yi saurin lalacewa. Hutar da dabba da ba ta ruwa kafin yanka tausayi ne, kuma riba ce.

Madarar shanu na da laktos kusan kashi 4.7 cikin 100, kuma wani ɓangare nasa ne ke komawa tsamin nono da kindirmo. Tunda madara ba ta da sitaci, ɗigon aidin ya isa ya warware zargin an kaurara ta da gari. Ga masu kiwo kuma, awon faiba da Van Soest ya tsara a shekarun 1960 shi ke nuna yadda harawa da kara da tuƙar rake za su narke a tumbin dabba. Irin binciken da ya shafi aikin cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ke nan.

Shi kuwa jini, ma'auni biyu ake rubuta shi da su: milimol a lita, ko miligiram a desilita. A ninka na farko da 18 a sami na biyu. Shi ya sa 7 da 126 abu guda ne, kuma shi ne mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na ciwon suga ga wanda ya kwana bai ci komai ba, aƙalla awa 8. Jinin da aka ɗiba aka ajiye a kwalbar da ba ta da sinadarin tsayar da aikin ƙwayoyinsa, gulukos ɗinsa na raguwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 duk awa. Yatsan da ya taɓa rake ko dabino ba a wanke ba na iya ba da lambar da za ta firgita mai lafiya. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin wata biyu zuwa uku, shi ma sikila da ƙarancin jini na iya karkatar da shi. Don haka likita ne ke yanke hukunci, bayan ya tabbatar da sakamakon.

Mazarƙwaila da zuma a kan ma'auni

Farin sukari, bisa ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex, Pol ɗinsa bai gaza 99.7 ba. Dangin mazarƙwaila da ake dafawa a Indiya da Kudancin Amurka, awo na nuna sukuros 65 zuwa 85 cikin 100, ga ƙarin gulukos da furuktos, da ɗan ruwa da ma'adinai. Mazarƙwaila ta fi farin sukari ƙamshi da ma'adinai, wannan gaskiya ne kuma abin tallata ta ne. Amma ga mai ciwon suga, sukari ce.

Zuma ma haka. Ƙa'idar Codex ta ce gulukos da furuktos a haɗe kada su gaza giram 60 cikin 100, sukuros kada ya wuce 5 a yawancin nau'o'i, ruwa kada ya wuce 20. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa kauri kawai suke nunawa. Gano zumar da aka gauraya da sukarin rake na bukatar HPLC ko awon nau'in kabon da ke cikinta, domin rake da masara na da tambarin kabon da ya bambanta da na yawancin furanni. Ko a nan ana bukatar adalci: ƙudan zumar da ke kusa da wurin matsar rake na iya kwasar ruwansa, zumar ta nuna alamar rake ba tare da mai amya ya yi algus ba.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

Manoma da dillalai da yawa na ganin ido da harshe da shekarun gogewa sun wadatar. Suna da hujja, musamman a raken sha, wanda yake shi ne mafi yawan raken da ake nomawa a wannan yanki. Mai shan rake laushi da yawan ruwa yake nema, ba sukuros kaɗai ba, kuma babu Brix ɗin da ke auna laushi. Masu goyon bayan awo kuma na cewa cinikin dami da kwando na daidaita mai ƙwazo da mai sakaci, ba ya saka wa wanda ya zaɓi iri mai kyau ya sare a kan kari.

A ƙasashe irin su Ostareliya da Burazil, sukarin da ke cikin rake ake biya, ba nauyinsa kaɗai ba. Masu ɗari-ɗari da kawo wannan tsari na tambayar wa zai riƙe na'urar. In mai saye ne kaɗai ke awo, a bayan ƙofa, lamba na iya zama sabuwar hanyar danne manomi.

Tsakanin masana ma akwai saɓani. Wasu na ganin lokacin lissafin ragowa da hanyoyin asid ya wuce. Wasu na cewa a inda wuta ba ta tsayawa, sinadarai kuma sai an sayo da kuɗin waje, tsohuwar hanyar da aka yi da kula ta fi sabuwar na'urar da ba a iya kula da ita. Duka ɓangarorin sun haɗu a kan abu guda: a rubuta hanyar da aka bi a fili.

Abin da zai iya biyo baya

Najeriya na shigo da mafi yawan sukarin da take sha ɗanye daga waje, galibi daga Burazil. An kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa a 1993, an kuma amince da babban tsarin noman rake da sarrafa shi a 2012, duk don rage wannan dogaro. Duk masana'antar da za ta sayi raken manomi ko tumatirinsa da ma'auni za ta zo. Yankin da bai saba da Brix da Pol ba zai shiga ciniki ne da harshen da mai saye kaɗai ke ji.

Makarfi da Kudan da Ikara na da sa'ar kusanci da Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suke, ga kuma makarantar koyar da ma'aikatan lafiya a cikin garin Makarfi. Ƙungiyar manoma na iya mallakar rifaraktomita guda, malamin gona ya koya wa matasa biyu ko uku riƙe ta, a riƙa rubuta sakamakon kowace gona a littafi duk kaka. Masu mazarƙwailar da ke son kai kayansu manyan kantuna na bukatar awo na gaskiya kafin su nemi rajistar hukumar NAFDAC su buga bayani a jikin leda. Inda za a biya da inganci, a yi awon a gaban mai kaya, a kuma ajiye rabin samfur da za a kai wani ɗakin gwaji in an yi gardama.

Manomi ne, ko ɗalibi, ko majiyyaci, duk wanda aka miƙa wa takardar sakamako yana da haƙƙin yin tambaya uku: me aka auna, da wace hanya, kuma a ɗanye ne ko a busasshe ko da wane ma'auni? Ma'aikacin da ya san aikinsa zai amsa su ba tare da ɓata rai ba. Takardar da ba ta iya amsa su, bai kamata a yanka farashi ko a canza magani saboda ita ba.